Rabon Mai Hanya

Kakata Iya Tabawa ba ta jiran a gama girki kafin ta fara tatsuniya. Bayan magariba tana gaban murhu tana tuƙa tuwo, mu jikoki muna kewaye da ita. Kullum in ta auna gari sai ta ƙara tafi guda. "Wannan na mai hanya ne," in ji ta, ko da ba a tsammanin kowa.

Akwai tatsuniyar da ba na so, ta matar da ta gaji da daka. Wata tsohuwa ta yi mata alkawarin akushi rufaffe a bakin ƙofa kowace yamma, da malmala daidai yawan mutanen gidanta, ba ragi ba ƙari. Matar ta kife turminta. Baƙi suka riƙa tarar da tuwo a ƙidaye, suka ɗauke ƙafa. Ran nan ta buɗe akushi, malmala shida maimakon bakwai. Ta ƙirga mutanen gidan, su shida ne, ta kuma kasa tuna wanda babu.

"Iya, ina ya tafi?"

"Kai dai ci tuwonka, maigidana. Akushin bai taɓa kuskure ba."

Yau shekarata hamsin, ina zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Abbasiya. Ina koyarwa har la'asar, matata Binta tana dawowa daga aiki a Giza a gajiye. Ni na kawo shawarar kwalin kayan girki da wani kamfani ke aiko mana kullum: kayan miya a yanke, shinkafa a aune, na mutum huɗu cif, mu da 'ya'yanmu biyu. Ba zan ce bai sauƙaƙa mana ba.

Baba Adamu, dattijon da ya gudo daga Sudan, yana zaune shi kaɗai a hawa na sama. Ya saba leƙo mu lokacin cin abinci, a yi masa tayi ya zauna. Wata Talata ya shigo, ya dubi yankan kaza huɗu a faranti. Na ga idonsa yana ƙirgawa.

"Bisimilla, Baba."

"Khalas, bar shi kawai, ɗana, na ci. Gaishe ku na zo yi."

Ban matsa masa ba. Ina yaro na ɗauka akushin ne ke cinye mutane. Yanzu ina zargin matar ce ta daina tambayar inda suka shiga.

Mako uku ke nan Baba Adamu bai ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Binta ta haɗu da shi a matakala, ta ce rigarsa ta yi masa yawa. Jiya da yamma na ji takunsa yana hawowa a hankali. Ya ɗan tsaya daidai ƙofarmu, ina zaune da cokali a hannu, sannan ya wuce sama.