Kawu Jaɓɓi da Ɗanyen Icce

Duk wanda ya taɓa zuwa shan iska a gandun dajin gwamnati na bayan garinmu, kan hanyar Isa, ya san Kawu Jaɓɓi mai gadi, ƙanen mahaifiyata. Kafin ya amsa maka sallama sai ya lalube aljihunka. Ashana, wuƙa, danƙon harbin tsuntsu, duk ya zuba a hularsa sai ka fito. Babbar dokarsa kuwa, ɗanyen icce ba a taɓa shi.

"Ku zamna inuwa, ku sha iska, ku ci abin da yah hwaɗo," in ji shi. "Wanda ad bisa ba naku na ba."

Wata Sallah samarin garin Bafarawa suka zo da akuya za su yi gashi. Ya fatattake su har bayan dutsen iyaka, inda ko inuwar kara babu. Nama na fara ƙamshi sai ga shi, ya tsuguna abinsa.

"Kawu, ba kai kak kore mu ba?"

"Wuta nik kora. Miƙo min hanta."

Kai, ko matarsa Inna Hassi ba ta tsira ba! Ta karyo ɗan reshen dogon yaro don asawaki, ya kama ta da shi a baki. Nan take ya ɗora mata ban ruwan dashe har saukar damina. Ita kuma ta daina sa masa man shanu a tuwo. Ya ce da ma barci yake sa shi a bakin aiki.

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya dame shi. A garinmu in an yi rasuwa, gandun ake shiga a saro itacen da za a jera a kabari, kuma shi kansa bai taɓa iya hanawa ba. Ya sa aka kira ni.

"In kunka sare min ɗanye, ban yahe ba."

"Haba Kawu! Busasshe ai gara na cin shi."

"To ni gara za ta bari?"

Ranar da ya cika muka bar gatura a gida, muka bazu cikin daji da tsakar rana muna tsintar rassan da iska ta karya. Liman sai aike yake a hanzarta. Muna tsinta muna mita, muna dariya, hawaye na zuba. Wallahi ko ɗaya ba mu sara ba, da busasshe muka rufe shi. Har yau ina kewar mutumin nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwar da ba ta gushewa. Amin.