Ranar da Abokina Ya Riƙe Mini Hannu a Tsakiyar Wasa

A 'yan shekarun baya, ina koyarwa a wata sakandare a Dutse, ina haya a Limawa, wani wasan katuna na waya ya kama ni kamun gaske. Abokina ne ya jawo ni ciki. Tun muna makaranta muke tare. Ɗan Jahun ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a gari, shi kuma ya buɗe shagon maganin dabbobi a bakin kasuwa.

Ga wanda bai san wasan ba, haka yake: kana zaune a ɗakinka za a haɗa ka da wani a ko'ina cikin duniya. Kafin a shiga fili kowa zai haɗa nasa ɗaurin katuna, akwai mayaƙa, akwai na kariya, akwai na kai hari. Kowane kati yana da kuzarin da yake ci kafin ka sauke shi, kuzarin kuma kaɗan ake ba ka da farko, yana ƙaruwa a kowane zagaye. Wanda ya riga ƙarar da ran abokin karawarsa, shi ya ci. Mu biyu mun mayar da shi abin hira. In na kira shi, kafin mu gama gaisawa mun faɗa zancen sabon katin da aka fitar.

Wata ranar kasuwa ya hau babur zai kai wa wani makiyayi allurar shanu a ruga. Tunkiya ta gitta masa, ya kauce mata, babur ya kwashe shi, kansa ya bugi gefen kwalta. Ina cikin aji aka kira ni. Na bar allin a kan tebur na nufi tasha, na shiga motar Jahun.

A asibiti na tarar ya farfaɗo, idonsa a buɗe, na fara hamdala. Sai na matsa na yi masa sannu, ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya shigo tambayar hanya. Likita ya ja ni da mahaifiyarsa gefe ya ce, "Ƙwaƙwalwarsa ta bugu. Raunin jiki zai warke in sha Allahu. Sauran kuwa sai a hankali, ba zan yi muku alkawarin komai ba. Ku dai riƙa yi masa hira, ku riƙa kawo masa abubuwan da ya saba da su."

Da aka sallame shi aka shimfiɗa masa tabarma a zauren gidansu, ni kuma duk Asabar sai na je. Babu abin da ban kai masa ba. Na kai hotunanmu na makaranta. Na je shagonsa na ɗebo kwalaben magani na jera a gabansa, ya ɗauki ɗaya ya juya ta ya ajiye. Na ba shi labarin ƙwallo har bakina ya bushe. In na ce sannu, ya ce yauwa. In na ce ya jiki, ya ce yauwa. Wata rana ya kira ni da sunan yayansa da ke Kano, na amsa, don ban san abin da zan yi ba in ban amsa ba.

Hanyar komawa Dutse ita ta fi yi mini nauyi. Ina matse a bayan mota tsakanin buhu da mutane, ina tunanin ga mutum yana ci yana sha yana tafiya da ƙafarsa, amma wanda na sani ban san inda ya shiga ba. Mahaifiyarsa ta lura da fuskata. Ta raka ni bakin ƙofa wata rana ta ce, "Ɗana, kada ka gaji da zuwa. Ko shi bai gane ka ba, ni na gane ka."

Wasan kuwa bai taɓa zo mini a rai in kai masa ba. Wayarsa ta farfashe a haɗarin, ni ma na daina buɗe nawa. Kuma a ganina lamarin ya fi ƙarfin wasa; wa zai je duba maras lafiya irin wannan da katunan waya?

Wata Asabar bayan la'asar hira ta ƙare mini ƙaf. Yana jingine da bango yana kallon ƙofa, ni ina kallon ƙasa. Don in rage shirun na ciro waya na buɗe wasan. Ɗan kiɗan da yake yi in an buɗe shi ya tashi, sai na ga ya juyo da kansa. Na gyara zama na matsa kusa da shi yadda zai ga fuskar wayar, na shiga fili.

Ana haka mahaifiyarsa ta leƙo da ƙwaryar fura. Ta ga katuna a wayar, ta tsaya.

"Karta kake yi mini a zaure?"

Na ce, "A'a Inna, ba irin waccan ba ce. Babu caca a ciki, wasa ne kawai na dabara. Tare muke yi da shi."

Ta dubi ɗanta, ta ga idonsa a kan wayar, ba ya ko ƙiftawa. Ta ce, "To in dai yana kallo, yi abinka."

Wasan ya zo mini da kyau. Mayaƙana uku a fili, abokin karawata ba shi da ko ɗaya, ransa ya kusa rabi. Hannuna cike da wasu mayaƙan, kuzari kuma ya ishe ni in zuba su gaba ɗaya in gama da shi a zagaye na gaba. Har na fara jin daɗi, ina cewa a raina yau dai ga abin nuna wa mutum. Na ɗora yatsa a kan kati na farko zan ja shi fili.

Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

Riƙo ne maras ƙarfi, amma na daskare. Abokina bai dube ni ba, wayar yake kallo. Ya buɗe baki, maganar tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yana ɗauko ta daga nesa.

"Kada ka zuba duka."

Na ce, "Me ya sa?"

"Dubi hannunsa. Katuna da yawa. Ya bar kuzari bai taɓa ba." Sai ya ci gaba. "Shara yake riƙe da ita. Jira yake ka cika fili. Sauke ɗaya. Riƙe sauran."

Shara ita ce sunan da muke kiran katin da ke kashe duk mayaƙan da ke fili a bugu ɗaya. Na sauke ɗaya kamar yadda ya ce, na miƙa zagaye. Mutumin can ya ɗan yi jim, da ya ga ba zan ƙara ba, ya saki sharar. Filina ya zama wayam. Amma hannuna a cike yake.

Abokina ya ce, "Ka gani?" Sannan ya kira ni da wani sunan tsokana da ya laƙaba mini tun muna aji ɗaya, sunan da duk duniya shi kaɗai ke kirana da shi.

Ya kamata a ce daga nan na cinye wasan, don komai yana hannuna. To idona ya cika da hawaye, katunan suka haɗe mini. Na danna katin da ban yi niyya ba, sannan lokacin zagayena ya ƙare ina share fuska da hannun riga. Haka mutumin da ban san ko a wace ƙasa yake ba ya lallasa ni a zauren mutane.

Abokina ya miƙo hannu. "Kawo in ga ɗaurin."

Na ba shi wayar. Ya riƙa ja da babban yatsa a hankali, yana yamutsa fuska.

"Wa ya haɗa maka wannan?"

"Ni."

"Ya nuna." Ya yi wata 'yar dariya, ta farko da na ji tun ranar haɗarin. "Manya sun yi yawa. Duk giwaye ka tara. Da me za ka tare gida a zagayen farko? Cire wannan. Da wannan ma. Sa ƙanana masu cin kuzari ɗaya ko biyu. Sa mai jawo maka kati, kada hannunka ya bushe a tsakiya." Ya tsaya a kan wani jarumi mai sulken zinare da nake ji da shi. "Wannan kyau ne kawai gare shi. Ba ya tafiya da sauran."

Na ce, "Ai shi na fi so."

Ya ce, "Cire shi."

Sai a lokacin na tuna da Inna. Tana nan inda take, ta durƙusa a dokin ƙofa, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa har furar ta ɗan zube, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ba ta gane ko kalma ɗaya a cikin zancen shara da giwaye ba, amma ta ji ɗanta yana jera magana yana gardama.

Ta ce, "Alhamdulillahi. Sake masa wani, ɗana. Sake, ko sau nawa ne."

Muka sake har aka kira magariba. Can ya ce kansa yana ciwo, ya kwanta. A motar komawa Dutse ranar, wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni ko albishir aka yi mini, don ya ga ina ta murmushi ni kaɗai.

Ba zan ce muku washegari ya tashi garau ba. Ya ɗauki watanni. Akwai ranakun da zan je in tarar shirun ya dawo. Amma da muka gaya wa likita abin da ya faru, ya ce alama ce mai kyau ƙwarai, mu ci gaba, kada dai mu bari ya daɗe yana kallon waya. Daga ranar tsoron nan da ya zauna mini a ƙirji ya sauka. Na san yana ciki, fitowa ce take yi masa wuya. Yanzu ya koma shagonsa, yana da iyali, kuma ba ya hawa babur sai da hular kwano.

In na waiwaya, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda na yi ta ɗauko masa abubuwan da nake ganin su ne masu nauyi a rayuwarsa, na bar wanda muke ɓata yini a kansa saboda ina jin kunyar a ce wasa ne. Tun daga lokacin, in na je duba maras lafiya, nakan tambayi 'yan uwansa abin da yake sa shi surutu, ko da shirme ne a idon mutane. Shawarar da nake yawan ba masu wasan kuma, cewa su riƙa duban kuzarin da abokin karawa ya ƙi taɓawa kafin su zazzage hannunsu a fili, a zauren nan na koye ta.

Shi dai bai tuna ranar ba ko kaɗan. Watannin nan duk sun goge masa. Kwanaki na zauna a shagonsa na ba shi labarin tun daga farko, yana saurare yana auna wa wani maganin tsutsar awaki. Da na kai ƙarshe ya ɗago.

"To ka ci wasan?"

Na ce, "A'a."

"Bayan na faɗa maka abin da za ka yi?"

"Bayan ka faɗa mini."

Ya girgiza kai ya ɗaure ledar maganin. "To na yarda an yi."