Ranar da Aka Kai Muryar Maigidana Ajiya

Ko da tsufa zai kai ni inda zan manta hanyar kasuwar Mokolo, wadda na fara takawa tun ina amarya, ba zan manta da ranar da aka kai muryar maigidana ajiya ba. Ni ban shiga lekol ba, wato makarantar zamani, ban san baƙi ɗaya na boko ba. Abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, shi nake ba ku.

Maigidana tela ne a nan unguwar Briqueterie, mai surfanin manyan riguna. Mutum ne mai ƙarancin magana. Mun yi zaman aure har muka ga 'ya'yan jikoki, amma bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kiran nasa ba. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. In yana nemana sai ya ce "ke", ni kuma in ce "Malam". Babu wanda ya ji an rage shi da komai.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata rana na dawo daga dama masa kunu sai ya miƙo mini wayarsa, irin mai gilashin nan da yake aika wa masu ɗinki hotuna da ita. Ya nuna mini wani wuri da yatsa, ya ce, "In ba na nan, ki danna nan." Ban danna ba sai bayan an kai shi makwancinsa. Da na danna, sai ga muryarsa. Kalmar farko da ta fito kuwa sunana ne, sunan da mahaifina ya raɗa mini. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Duk tsawon takabata, in na idar da sallar asuba, sai in kara wayar a kunne in saurara, in mayar da ita ƙarƙashin matashi. Babu mahaluƙin da ya sani.

Ana nan ana nan, takaba ta ƙare, malamai suka zauna rabon gado. Keken ɗinki ya tafi inda ya tafi, riguna suka tafi inda suka tafi, waya kuwa ta faɗa rabon babban ɗanmu, wanda ke zaune a Garwa. To, ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban ɗaga ido na dube shi sosai ba, balle in buɗe baki in roƙe shi abu. Na ji shi daga tsakar gida yana cewa a share duk abin da ke cikin wayar, zai kai wa iyalinsa, kuma jirgin ƙasa na yamma zai bi zuwa Ngaundere, daga can ya wuce Garwa.

Ina da jika mace, 'yar 'yata, babbar mace da aurenta, tana aikin kwamfuta a wani ofis wajen unguwar Messa. Tun tana ƙarama kakanta take kira angonta, ni kuma tsohuwa. Ita ta ce ba za a share komai ba sai ta kwashe hotunan angonta da karatunsa ta kai ajiya. Ta zo da hantsi ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ta buɗe na'urarta, ta haɗa ta da wayar da wata igiya.

Na ce mata, "Ke, ina ne wannan ajiyar?"

Ta ce, "Tsohuwa, a gajimare ake cewa, amma ba a sama yake ba. Gidaje ne manya cike da na'urori a wasu ƙasashe. Mutum zai buɗe wurinsa, su suna kiran wurin bokiti. Duk abin da ka saka, hoto ne ko murya, ana ajiye shi ɗungurungum da sunansa a jiki, kuma ana yin irinsa a gida fiye da ɗaya. In wannan ya ƙone, wancan na nan."

Wannan magana ta shige ni, domin ajiya ba baƙuwata ba ce. Matan unguwa in za su tafi arewa, wurina suke kawo ƙunshinsu, in tura ƙarƙashin gado, ba na kwancewa. Na ce, "To wa ke iya ɗauka?" Ta ce, "Wanda na ba hanya. Zan tura wa dangi duka, na Garwa da na Marwa da na Kano, kowa ya buɗe ya ga angona." In na yi shiru, za a share muryar. In na yi magana, za a zuba ta inda 'ya'yana da surukaina za su ji mahaifinsu yana kiran sunana. Ban san wanne ya fi nauyi ba.

Ta yi ta aikinta. Hotunan rigunan da ya yi wa surfani suka hau, hotunan suna da biki suka hau, karatunsa na watan azumi ya hau. Can aka ɗauke wuta, rezo, wato hanyar intanet, ya tafi, ta ja tsaki ta ce wani abu da Faransanci, muka zauna jira. Ni kuwa a raina addu'a nake kada wutar ta dawo. Ta dawo. Ta juyo ta ce, "Tsohuwa, akwai saura?" Na ce babu. Allah ya sani, bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta faɗa ba.

Aka kira la'asar, maza suka fita masallaci, hadari ya haɗo ta kan dutse kamar yadda yake yi a garin nan. Jakar ɗana tana zaure, daga masallaci sai taksi zuwa tashar jirgi. Jikata ta zare igiyar, ta ɗauki wayar ta ce, "To, bismillah, bari in share ta." Ban san lokacin da hannuna ya tashi ya damƙe tsintsiyar hannunta ba. Ta dube ni, na dubi ƙasa.

Ta ce, "Kaka, mene ne?" Rabon da ta kira ni Kaka har na manta.

Na karɓi wayar, na nuna mata wurin da yatsa, kamar yadda aka nuna mini. Ta kai hannu za ta danna, na ce, "Kada ki ji." Ta daɗe tana kallon wurin. Sai na ga idonta ya kawo ruwa, amma bakinta murmushi yake. Ta ce, "Au, ashe angona saƙo ya bar wa wata ba ni ba?" Na ce, "Ke dai ba ki da kunya." Ta ce, "Ai ke kin kwashe ta duka, ba ki rage mana ba."

Na gaya mata tsorona. Ta ce, "Wannan ne ya hana ki magana tun safe? Ai ba dole ba ne ya shiga na dangi." Nan take ta buɗe wani bokitin daban, ta kulle shi, ta ce babu mai shiga sai da mabuɗi, kalmomi ne na sirri. Ta kashe sautin na'urarta gaba ɗaya a kan idona, ta mayar da igiyar, ta ɗauki muryar ta saka, ba ta ji ko numfashinsa ba. Ruwa ya fara bugun kwano, wani ɗan layi yana ta rarrafe a gilashin, ni kuwa ina jin kamar ɗiyata ce ke ƙetare kogi. Da ya kai ƙarshe ta ce, "Ya shiga."

Na ce, "Ajiyar da ba a karɓo ta an gani ba, ban yarda da ita ba tukuna." Ta ce ita ma haka aka koya musu a wurin aiki. Ta kashe wayar marigayi ɗif ta ajiye gefe. Ta ɗauko tata, ta nemi shiga ba mabuɗi, aka hana ta. Ta saka mabuɗin, aka buɗe. Ta maƙala mini abin saurare a kunne, ta tashi ta koma bakin ƙofa ta juya mini baya, wai ruwan sama take kallo. Na danna. Sai ga shi. Muryarsa ce, har da ɗan tarin da ya yi kafin ya fara, babu abin da ya ragu.

Da ɗana ya dawo daga masallaci aka miƙa masa waya an share ta fes, ya yi mana sallama ya tafi. Har yau bai san abin da ya kusa tafiya da shi ba.

Jikata ta ba ni tsohuwar wayarta da muryar a ciki. Wata damina wayar ta faɗa ruwan wanki ta mutu. Ban yi kuka ba. Na aika aka kira ta, ta zo da wata, ta sauko mini da ajiyata kamar jiya aka kai. Ita ke biyan ɗan abin da ake biya duk wata, kuma ta yi mini alkawari, ranar da na bi shi za ta share bokitin ba tare da ta saurara ba. Na yarda da ita, domin na ga bayanta a bakin ƙofa.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, ban daina ta ba, ba kuma zan daina ba. Amma ranar nan saura kaɗan ta raba ni da abu mafi tsada da aka taɓa ba ni. In kana da abin da kake ƙauna, kada ka yi shiru har a share shi. Nemi mai amana ka nuna masa da yatsa, ka tambayi wa ke riƙe da mabuɗi, kuma ka karɓo ka gani kafin ka saki na hannunka. Abin da Malam ya faɗa bayan sunana kuwa, ku yi haƙuri, wannan yana cikin bokiti mai kulle.