Minti Huɗun Farkon Kaset

Cikin duk kwanakin da na yi ina aiki a ƙaramar mujallar kiɗan nan ta garin Greensboro a Amurka, akwai wata Juma'a a bazarar 2004 da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka fara wannan aiki na buga magana kwanan nan ba ku san kaset ba, sai kwamfuta. To ku saurara, ba zan maimaita ba.

Shekarata ashirin a lokacin. Na gama sakandare, kuma ba ni da haƙurin ƙara zaman aji. Mujallar ɗaki ɗaya ce a saman shagon wani mai gyaran injin wanki a High Point Road, ga warin sabulu, ga warin tawada. Sau ɗaya take fita a wata, kyauta, a ajiye ta a shagunan faifai da wuraren shan kofi. Abu biyu ne a cikinta: sharhi a kan sababbin faifan ƙananan ƙungiyoyin da babu wani babban kamfani a bayansu, da kuma hira da makaɗan. Rock muke yi, da punk, da ska. Punk jita ce da ganga da ihu, kafin ka gyara zama waƙar ta ƙare. Ska kuwa ana ƙara masa kakaki, sai ka ga ƙafarka tana motsi ba da izininka ba. Ranar da Mama ta ji ina saurare a gida, leƙowa ta yi ta ce, "Ramatu, tukwanen wa suka zubo?"

Ga yadda aikin yake. A sama akwai edita, wani dogon Bature mai furfura da zanen allura har wuya. Ni Patron nake ce masa, yadda mu mutanen Nijar muke kiran maigidan aiki, har kowa a ofis ya ɗauka. Ƙarƙashinsa akwai marubuta 'yan sa-kai, yawancinsu ɗaliban jami'a. Ni ce ta ƙarshe: mai buga hira. Marubuci zai je da 'yar rakoda, ya dawo da kaset, ni kuma in sa a na'ura mai feda, ina takawa ina bugawa kalma bayan kalma. Doka ɗaya ce Patron ya kafa mini tun ranar farko. Duk abin da mai magana ya ce ba na bugawa ba ne, in ja masa jan layi a takarda, shi kuma ba zai taɓa shi ba. Patron ba ya sauraron kaset, ba shi da lokaci. Abin da na miƙa masa, shi ne gaskiya.

Ina da sauri, kuma na san ina da sauri. Wani ɓangare na saurin wata dabara ce da ban gaya wa kowa ba. Ni na tashi da kaset ɗin da dangi suke aiko mana daga Maradi. Duk wanda ya san irin wannan kaset ya san farkonsa gaisuwa ce zalla: ina Alhaji, ina Hajiya, ina yara ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ina sanyin ƙasarku. Sai an ci minti goma kafin a zo kan wanda ya haihu da wanda ya rasu. Tun ina ƙarama ni ake sa wa in tura kaset gaba. Da na fara aiki sai na zo da halina. Kowace hira nakan tsallake minti uku ko huɗu na farko, don a ganina babu komai a ciki sai jan kujera da "rakodar tana ɗauka kuwa?" Wata goma sha huɗu ina haka, ba abin da ya faru.

A watan nan babbar hirarmu da wani mai busa kakaki ce a wata ƙungiyar ska ta garin, sunansa Wes. Sun fitar da faifansu na farko, za su yi bikinsa ranar Asabar da rana. Wata ɗaliba ce ta yi hirar, ta ajiye mini kaset a tebur, ta tafi hutu gidan iyayenta. A tsakiyar hirar Wes ya faɗi wani abu mai nauyi. Kunnensa na hagu ya kusa mutuwa, na dama ma ya fara tsuwa, kuma likita ya ce in bai bar tsayawa gaban lasifika ba zai rasa duka biyun. Ya ce wasan Asabar ne na ƙarshensa. Na buga. Patron ya karanta, ya ce wannan shi ne labarin, ya sa shi a shafin tsakiya da manyan haruffa.

Ranar Juma'a da safe mujallar ta dawo daga wurin bugu, ɗauri-ɗauri. Ni kuma na zauna goge tsofaffin kaset, don muna sake amfani da su. Na mayar da na Wes farko, ƙafata ta taka feda ba da niyya ba. Sai na ji muryarsa, a hankali:

"Kafin mu fara. In na yi maganar kunnena, don Allah kada a buga. 'Yan ƙungiyata ba su sani ba. Shekara bakwai muna tare, ina so su ji daga bakina bayan wasan Asabar, ba a takarda ba."

Na sake saurara. Na ƙara. Maganar ba ta canza ba.

Zan gaya muku gaskiya, na yi tunanin in goge kaset ɗin in yi shiru. Ɗalibar za a zarga. Tunanin bai kai minti ɗaya ba, amma na yi shi. Sai na tashi na tsaya a gaban teburin Patron.

"Patron, na yi ɓarna."

"Wace iri?"

Na kunna masa. Ya ji har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Ina jan layin, Rama?"

"Ban ji wurin ba. Tsallakewa nake yi."

"Yau kawai?"

"Tun da na zo."

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya dubi agogo, ya ce, "Na sauke ɗauri ɗaya a shagon faifai da na zo wucewa da safe." Mu duka mun san wanda yake tsaron wannan shago. Danny ne, mawaƙin ƙungiyar, abokin Wes tun suna makaranta.

Ya jefo mini makullin motarsa. "Ke kika tsallake, ke za ki je."

Da na shiga shagon, igiyar ɗaurin tana ƙasa a yanke. Danny yana bayan kanta, gashinsa kore kamar ganyen alayyafo, mujallar a buɗe a gabansa daidai tsakiya. Da ma kullum na shigo sai ya tsokane ni, ya ce ga mai gyale da ta fi kowa iya zagin faifai ta iso. Ranar idonsa yana kan takardar.

Na ce, "Na zo karɓar mujallun. Akwai kuskure."

"Ƙarya ce aka buga?"

"A'a."

"Shi ya ce a buga?"

"Cewa ya yi kada a buga. So yake ya gaya muku da kansa bayan wasa. Laifina ne, ni kaɗai."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wata shida ina yi masa faɗa a kan yana shigowa a makare. Na ce masa malalaci." Sai ya rufe mujallar, ya mayar da ita kan sauran, ya sunkuya ya ɗauko igiyar ya ƙulla da hannunsa.

"Babu wanda ya ɗauki ko ɗaya. Ni ma ban buɗe ba. Kin ji?"

"Amma ka..."

"Ban buɗe ba, Rama. Ki bar mutumin ya faɗi maganarsa."

Ban gama ba. Patron ya ce mai magana yana da hakkin ya san abin da aka yi da maganarsa, don haka daga nan na wuce titin Wendover, babban siton da Wes yake aikin lodin kaya. Na jira shi a bakin ƙofar manyan motoci har aka tashi cin abincin rana. Ya fito da 'yar rigar aiki mai ƙyalli, ya juyo mini da kunnen dama. A da ban taɓa lura yana haka ba. Na gaya masa komai ba kwana-kwana: an buga, ni na jawo, za mu cire shafin kafin yamma.

Fuskarsa ta yi fari fat. "Wani ya gani?"

Ku kun san bakina. Ban iya ɓoye magana ba, har gida ana kuka da ni. Amma ranar na haɗiye, na ce, "Duk sun dawo ofis, babu ko ɗaya a waje."

Ya sauke numfashi, ya zauna a kan wani akwati. "Ke, kin kusa kashe ni."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

"Gobe ki zo wasan. Hukuncinki ke nan, ki tsaya ki ji mu har ƙarshe."

Yinin nan ni da Patron da matarsa muka zauna a ƙasa da wuƙaƙen cin abinci, muna ɓalle fil ɗaya bayan ɗaya, muna zare takardar tsakiya, muna sa sabuwar da aka sake bugawa. Wurin da labarin kunne yake muka cike shi da sharhin wasu faifai uku da suka daɗe a kwali. Yatsuna sun fashe. Patron ya sa faifan su Wes yana ta juyawa, da muka kai ɗauri na ƙarshe sai ya ce mini, "Litinin ki zo da wuri. Akwai sauran kaset na wata goma sha huɗun nan da ba mu kai ga gogewa ba, za ki ji farkon kowanne." Na ji su. Biyu daga ciki suna da irin wannan roƙo, Allah ne kawai ya rufa asiri ba a yi maganar a cikin hirar ba.

Asabar na je. Wani tsohon garejin mota ne, rana tana shigowa ta ƙofar ƙarfe, yara suna ta tsalle suna karo da juna, ni ina jikin bango da gyalena. Kafin a fara na ga Danny ya ja babbar lasifikar da take bayan Wes, ya kai ta can ɗaya gefen. Mai ganga ya ce, "Kai, me kake yi?" Danny ya ce, "Tana tare mini hasken rana, kyawuna ba ya fitowa." Aka yi dariya, har da Wes. A waƙar ƙarshe Danny ya bar makirfo, ya koma gefe, ya bar kakakin yana tafiya shi kaɗai fiye da yadda yake a faifan.

Washegari Wes ya tara su ya gaya musu. Daga baya ya zo ofis yana ba mu labari, yana cewa Danny ya kaɗu har ya kasa magana. Na ci gaba da bugu, ban ɗago kai ba.

Mujallar ta rufe bayan wasu shekaru, da komai ya koma intanet. Ɗakin yanzu ma'ajiyar tayoyi ce, amma har yau in na bi ta titin sai na ɗaga kai. Abin da na ɗauko daga can shi ne, duk wanda ya yarda aka naɗi muryarsa amana ya ba ka, daga numfashin farko har na ƙarshe, kuma ba kai za ka zaɓi inda amanar ta fara ba. Mutanen wannan kiɗa kuwa, mai wucewa ihunsu kawai yake ji. Ni na ga mai koren gashi ya tsaya awa guda yana waƙa kusa da amininsa, ya san komai, bai bari ko idonsa ya faɗa ba. Har yau Wes bai san an buɗe ɗaurin nan ba, kuma ba daga bakin ɗayanku zai ji ba.