Sunan da Rakiya ta ƙi faɗa

"Kamar yadda mai sunan Baba ya bayyana a littafinsa..."

Na ɗaga hannu. "Wa?"

Rakiya ɗalibata ce a darasin rubutun bincike, 'yar garin Gurda. Muna gwajin munaƙasha ne, ranar da za ta kare kundin digirinta gaban malamai. Marubucin da ta gina aikinta a kansa sunansu ɗaya da surukinta. Ta rubuta sunan a kowane babi, amma bakinta ya ƙi furtawa.

"Malaman nan Larabawa ne, Rakiya. Za su ɗauka ba ki san wanda kika karanta ba, su kayar da ke."

"Malama, uwar mijina za ta zo. A layin gaba za ta zauna."

"Ai ba ta jin Larabci."

"Sunan mijinta kuwa ko da wane yare tana ji."

Tun ɗazu nake kai-komo a ofis. Na koyar da ƙa'idar ambaton marubuci iri-iri, babu wadda ta san da suruka a layin gaba.

Alhamis ne munaƙashar. Ku da kuka yi aure kuka yi digiri, me zan ce mata?