Mai Kiran Ƙarfe Bakwai

Rediyon ɗakinmu kan yi ƙara kamar mai a kasko kafin murya ta fito. Mu huɗu ne a ɗakin, a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, duk ɗalibai.

Gidan rediyon sabo ne a lokacin, ɗaki biyu a saman wani shago a Birnin Kebbi. Ba su sa waƙa sai zance, mutane na bugo waya. Kullum ƙarfe bakwai na safe wani manomi kan kira daga Argungu. Ya kafa sanda a bakin gulbi, yana faɗin inda ruwa ya kai, don masu shinkafa a Zauro su shirya kafin ruwan ya iso musu. Sai ya gaida kowa, har masunta, sannan ya ce, "Ruwa ya hau taƙi guda. Wanda ad da shinkafa ƙasa-ƙasa shi yanke."

Babana ne. Ban taɓa faɗa musu ba.

"Ga mutuminku ya zo, Ministan Ruwa!" in ji wata ƙawata, tana shafa hoda. Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Rannan har na tashi na kwaikwayi muryarsa, da ɗan tarin da yake yi kafin sallama.

"Kai, 'yar nan, kamar a gidanku yake!" suka ce. Na sunkuya ina neman takalmina, alhali yana ƙafata.

Da hutu nakan sami Baba a zaure yana goge wayarsa da gefen riga. Yakan tambaye ni ko muna kama tashar a can. Nakan ce karatu ba ya bari.

Tashar ta girma, ta koma gininta, ta sami masu kira har daga ƙetare. Baba ya ci gaba da kiransa har daminar da ya kwanta.

Ranar sadakar uku mai gabatar da shirin ya zo gaisuwa, ya nemi a kira ni. Ya ce ranar da suka buɗe layi sun daɗe zaune ba wanda ya bugo, sai Baba. Sau uku suna aika masa mota ya zo a yi hira da shi, yana ƙi. Abin da yakan ce: "Ɗiyata na karatu nan garinku. Ku bar ta ta ƙare tukuna, kada a gane ta da ni."