Yatsu Uku da Kyamara

Yayana kafinta ne tun kafin ya san ciwon kansa. A shagon mahaifinmu ya tashi, cikin garin katako da warin fenti, kuma har furfura ta fito masa ban taɓa ganin ya sayi falanki bai shafa shi da tafin hannu ba, ya juya, ya ƙwanƙwasa. Taurin kai gare shi na bugawa a jarida. Ni ƙanwarsa ma ba baya ba ce, shi ya sa kullum muna faɗa, kullum muna tare.

Shekarun baya kaɗan injin yankan katako ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Ciwon ya warke, amma hannun ya shige aljihu ya ƙi fitowa. Ya bar wa abokin aikinsa shagon, ya koma zaman benci a bakin ƙofa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don mutumin da na sani ba ya iya zama ko na shan ruwa.

A zaman bencin nan ya fara ɗaukar hoton kujeru da gadaje da waya, da hannun hagu, abokin aikin yana tura wa masu saye. Ya san lokacin da hasken safe ke fito da zanen jikin katako, ya san kusurwar da ke ɓoye tabo. Sai sauran kafintocin layin suka fara kiransa ya ɗaukar musu hoton kayansu. Wata rana ya ce mini zai sayi kyamara ta gaske, irin manyan nan da ake cire musu gilashin gaba a sa wani, ya mai da abin sana'a. Na ce Allah ya sa, dama kallon zaman nasa ya ishe ni.

Ya shiga bincike kamar mai shirin jarrabawa. Ya kalli bidiyo har wayar ta yi zafi, ya haddace sunaye da lambobi, ya hana matarsa sakat da bayanin da ba ta tambaya ba. Daga ƙarshe ya tsayar da magana a kan wata ƙatuwa da kowa ke yabo. Ƙananan da ake ba 'yan koyo kuwa, ya ce kayan wasan yara ne. Duk wannan karatun, ko sau ɗaya bai taɓa riƙe kyamara ba.

Na raka shi shagon sayar da kyamara, wani ɗan tsukuku a hawa na biyu. Mai shagon, dattijo mai tabarau a goshi, ya ciro ƙatuwar ya ɗora a teburin gilashi. Yaya ya ɗauka da hagu, nauyin ya ja hannun ƙasa. Ya laluba ya laluba, babu abin dannawa a wannan gefen. Maɓallin ɗauka yana dama, a saman mariƙi, daidai inda manuniya ke sauka. Ya tambaya ko akwai ta bahago. Dattijon ya ce tun da yake sana'ar bai taɓa ganin an kawo ba.

Yaya ya ajiye ta, ya ce a naɗe masa haka nan, zai san yadda zai yi a gida. Nan raina ya ɓaci.

"Yaya, ba za ka sayi abin da ba ka riƙe ba. Kai ta gida za ka yi, ka sa a durowa, ka koma benci. Fito da hannun."

Ya yi mini kallon da tun muna yara nake gudu. Ban gudu ba. Akwai wasu masu sayayya a bayanmu. A gabansu Yaya ya zaro hannun ya shimfiɗa a kan gilashin.

Dattijon bai ce masa sannu ba, Allah ya saka masa da alheri, don da ya ce, da Yaya ya fice. Ya sauke tabarau ya duba hannun yadda tela ke duba kafaɗa, ya mayar da ƙatuwar, ya fara jero ƙanana. Wata mariƙinta ya yi zurfi, yatsan zobe bai kai maɓallin ba. Wata ta sulɓe, saura ƙiris ta sha ƙasa. Gumi ya jiƙa wa Yaya wuyan riga, amma duk wadda ya ajiye sai ya ce a miƙo ta gaba.

Wadda ta zauna a hannun ita ce mafi ƙanƙanta, cikin kayan wasan yaran. Babban yatsa da ƙarami suka matse ta, hagu ya tallafo gilashin daga ƙasa, yatsan zobe ya hau maɓallin. Dattijon ya ɗaure masa igiyarta a wuyan hannu, ya ce ya danna rabi tukun, in ta yi ƙara ya ƙarasa. Yatsan bai saba aiki shi kaɗai ba, sai rawa yake. Hoton farko fankar silin ce. Na biyu rabin fuskata, dishi-dishi, ina kumbure da fushi. Yaya ya ci gaba da dannawa, har igiyar ta yi masa shaida a fata, har fuskata ta fito tar. Ya ce wannan zai saya.

Washegari da safe na bi ta layin kafintoci a hanyar wurin aikina, don in ga ko zai fito. Ya fito, kyamarar na lilo a ƙirjinsa. Abokin aikinsa ya taso da murna ya miƙa masa hannu, sai ya tuna, ya fara janyewa cikin jin kunya. Yaya ya cafke hannun da yatsunsa uku, ya matse har mutumin ya yamutse fuska.

"Ku fito mini da gadon nan waje," in ji shi, "kafin hasken ya wuce."